Wanda Ya Riƙe wa Gwadabe Igiya

Akwai wani manomi a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, sunansa Gwadabe. Duk rani shi ne yake shiga rijiyar gari ya yashe ta, maza suna riƙe masa igiya daga sama.

Da zaɓen 1964 ya gabato sai gari ya rabu biyu. 'Yan wannan jam'iyya ba sa zuwa sunan 'yan waccan, gaisuwar mutuwa ma sai a tsaitsaye. Har Tukur, maƙwabcin Gwadabe kuma ɗan ɗaya jam'iyyar, ya je gaban alƙali ya ba da shaida cewa Gwadabe ya zagi manya a wajen taro. Wata uku bawan Allah ya yi a gidan yari.

Da ya fito ya tarar rijiya ta cushe da taɓo. Aikin yana son maza goma a kan igiya, ga shi babu goman da za su yarda su tsaya wuri ɗaya. Ruwan kududdufi ake sha, yara sai gudawa, har da 'yarsa Indo.

Matarsa Hanne ta ce, "Malam, ƙasar nan ta lalace. Mu tattara mu koma Kademi wajen yayana."

Ya ce, "Ƙasa ta fi ƙarfina, Hanne. Amma rijiya gaba goma sha biyu ce, na san zurfinta."

Washegari da hantsi ya saɓa igiya. Mutanen jam'iyyarsa biyar suka bi shi. Ya dube su, ya ga ba za su isa ba, sai ya wuce ƙofar gidan Tukur ya yi sallama.

"Tukur, fito ka riƙe min igiya. Kai ne za ka tsaya a gaba."

Tukur ya yi turus. "Ni? Ba ka tsoron in sake ka?"

"Ina tsoro mana. Amma in ka sake ni, a ruwan da 'ya'yanka za su sha zan faɗa."

Tukur ya fito, mutanensa suka biyo shi, wai su ga ƙarshen abin.

Gwadabe ya yi bisimilla ya sauka. Har azahar ana jan bokitin taɓo, ba mai yi wa wani magana. Da aka zo fito da shi, ya kai rabi, sai gefen rijiya ya zabtare, igiya ta suɓuce wa na baya.

Tukur ya naɗe ta a hannunsa, ya dogare ƙafa, yana ihu, "Ku kama, don Allah ku kama!"

Wallahi a lokacin ba wanda ya tambayi jam'iyyar na kusa da shi. Har 'yan kallo suka kama.

Gwadabe ya fito da ransa, ya ga tafin hannun Tukur ya saɓule, jini na ɗiga. Tukur ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yafe min, maƙwabci."

"Na yafe tun ina ƙasa. Ku jawo guga a wanke masa hannu, ai ruwa ya taru."

Indo ta warke. Ba a yi shekara biyu ba sojoji suka karɓi mulki, suka rushe jam'iyyun duka. Rijiyar kuwa tana nan, har jikokinsu sun sha daga cikinta.

Darasi: In al'amuran ƙasa sun dame ka, kada ka yanke ƙauna. Nemi aikin jama'a da hannunka zai kai, ka kira har wanda kuka saɓa da shi ku yi tare, sauran ka bar wa Allah. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jiran a kira shi ya kama igiya.