Farar Rigar Mai Kunne

A layin garejinmu akwai wani bakanike da muke kira Mai Kunne. Sunan bai zo masa a banza ba. Mota za ta shigo tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta, kuma yawanci yakan dace. Ni mai faci ne, rumfata tana jikin tasa, shekara goma sha ɗaya muna shan hayaƙi ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Mutumin ya iya aiki, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa guda ne: tun da sunansa ya fita, sai ya ɗauki kwanciya a ƙarƙashin mota a matsayin zubar da girma. Ya koma sa farar riga a wurin da kowa ke yawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Mukan tsokane shi mu ce ga likita ya iso, shi kuwa sai ya gyara wuyan riga yana murmushi, don a wurinsa yabo ne.

Wanda ya koya masa sana'ar wani dattijo ne da duk layin ke kira Baba. Ciwon baya ne ya raba shi da gareji, ya koma kiwon zuma a wata gona da ke kan tudu, wadda hanyarta duk duwatsu ce da gangara. Yana da tsohuwar jif irin mai shiga daji, wadda ta girmi rabin direbobin layinmu. Duk gyaran da ake yi a tsaye Baba da kansa yake yi mata, don hannunsa bai manta sifana ba. Na ƙarƙashi ne kawai ya fi ƙarfinsa.

Wata safiya ya shigo da ita, ya sauko yana dafa ƙugu. Ya tarar da Mai Kunne tsakiyar wasu baƙi biyu masu sabuwar mota, suna ta koɗa shi.

"Ɗana, abu biyu ne ya kawo ni," in ji Baba. "Sitiyarin nan ya yi lako-lako, sai na juya shi faɗin yatsu huɗu kafin tayoyin su amsa. Sannan in ina ɗan gudu na faɗa rami, gaban motar gaba ɗaya sai ya kama rawa, sitiyari na neman ƙwacewa daga hannuna. Ba ya dainawa sai na kusa tsayawa."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Baba."

"Ƙarami ko babba, mu yi shi yadda na koya maka. Ni in zauna in riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, tayoyi na ƙasa. Kai ka kwanta, ka dafa gaɓoɓin ƙarafan sitiyari ɗaya bayan ɗaya, tun daga akwatin sitiyari har kan tayarod, ƙarfen da ke juya taya, ka duba bushin ɗin ma, robobin da ke tsakanin ƙarafan. Wadda ta ci, za ka ji tana motsi a tafin hannunka kafin ƙarfen da ke bayanta ya motsa."

Na ga Mai Kunne ya saci kallon baƙin nan, sannan ya kalli ƙasa inda mai ya zuba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Baba, kai da yau kake ganin likitan baya? Je ka abinka. Da yamma ka dawo ka tarar da ita lafiya lau."

Baba ya miƙa masa makulli ya tafi.

Da baƙin suka wuce sai na leƙa na ce, "In zo in kaɗa maka sitiyarin?"

"Kai dai tsaya wajen hura iskarka," in ji shi. "Tun tana shigowa na ji ciwonta."

Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shuri taya da ƙafa. Akwai wani ƙaramin shokabzoba da ke kwance a gaban irin waɗannan motoci, aikinsa rage girgizar da ke isa hannun direba. Shi ya ɗora wa laifi. Ya je wajen mai kayan gyara ya ɗauko sabo, ya tsuguna a kan kwali ya ɗaura, noti biyu ne kacal. Ya buɗe bonet ya ƙara matse notin akwatin sitiyari ta sama, don a ji ya yi tauri a hannu. Ya zagaya da ita kan kwalta mai laushi ya dawo yana fito. Ko ni da ba bakanike ba na san bai warkar da komai ba, rufe wa motar baki kawai ya yi.

Da yamma Baba ya dawo, ya ga sabon ƙarfe yana ƙyalli a gaban motarsa. Fuskarsa ta ɗan canza.

"Gaɓoɓin fa? Ka duba su?"

"Na duba, Baba. Duk garau suke."

"Wa ya kaɗa maka sitiyari?"

"Mai faci."

Ina zaune taku biyar daga wurin, na tsoma tiyub a cikin baho ina neman huji. Na ji sunana sarai. Na sunkuyar da kai na ƙura wa kumfar ruwa ido, wai kada in kunyata maƙwabcina a gaban jama'a. Wannan shirun har gobe yana cina. Mai Kunne ya juya ya ɗauko makulli daga jikin ƙusa, Baba ya bi bayansa da kallo. Ya karɓa, ya sa masa albarka, ya ja motarsa.

Kwana goma sha tara motar ba ta yi rawa ba. A na ashirin, da hantsi, Baba yana saukowa daga gona da bokitan zuma a bayan mota, tayar hagu ta daki wani dutse a tsakiyar gangara. Kan tayarod ya fice daga gurbinsa. Tayar ta juya inda ta ga dama, sitiyari ya zama banza a hannunsa, motar ta kife a cikin kwari. Manoma ne suka ciro shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙofa ta danne masa hannun dama, likitoci suka ce yatsun ba za su ƙara riƙe komai ba.

Washegari aka jawo jif ɗin zuwa layinmu, tana ɗigar zuma, ƙudaje na binta. Mai Kunne bai nemi kwali ba, bai nemi tabarma ba. Da farar rigar tasa ya kwanta cikin baƙin mai ya shige ƙarƙashinta. Ya daɗe a can. Da ya fito yana riƙe da gaɓar, ya nuna mini: robarta ta yage tun tuni, babu ko ɗigon giris, tsatsa ta cinye ƙwallon ciki ya zama kamar tsohon haƙori.

"Minti biyu," in ji shi. "Da na ɗora hannu a nan minti biyu, da na ji ta."

Tare muka je asibiti. Muka tarar da Baba a kwance, hannu a naɗe har kafaɗa. Mai Kunne ya durƙusa a gefen gado, hawaye na zuba, ya ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ban kwanta ba, ban duba ba."

Ni ma na ce, "Ban kaɗa masa komai ba, Baba. Na ji, na yi shiru."

Baba ya dube mu ya ce, "Na sani. Da ka juya ɗauko makulli na ga bayan rigarka fes, ko ƙwayar ƙasa babu. Wanda ya kwanta ƙarƙashin jif ba ya tashi haka."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Akwai mutane a wurin. Na ce yaron da na yi renonsa ya zama babba, ba zan tsinka shi a gaban jama'a ba. Na ce zan dawo mu duba mu biyu, da na ji rawar ta tsaya sai na yi ta ɗagawa." Ya kalli hannunsa. "Mu uku muka taru muna tsare girmanka, ɗana. Ga abin da ya ci."

Baba bai ƙara komawa wajen zumarsa ba, don akwatin ƙudan zuma ba ya ɗaguwa da hannu ɗaya. Yanzu yakan zo gareji ya zauna a kan benci. Mai Kunne ya daina sa farar riga, mu ma mun daina kiransa likita, don abin ya daina ba mu dariya. Duk motar da ta zo da rawar sitiyari, yakan shige ƙarƙashinta ya kira, "Baba, kaɗa mini." Sai dattijon ya hau a hankali, ya ajiye hannun dama a kan cinya, ya kama sitiyari da hagu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewa ba ta ɗauke wa mutum dubawa, kuma ɓoye alamar ciwo ba magani ba ne. Duk wanda aka ba amanar aikin da ran wani ya rataya a kai, ya bi matakansa har ƙarshe, ko da zai ɓata riga a gaban masu ganin girmansa. Idan bai yi ba, ya faɗi gaskiya cewa bai yi ba. Mu kuma da muke gefe, kada kunya ko kara ta sa mu yi shiru a kan ƙaryar da muka ji da kunnenmu. Kunyar minti ɗaya tana wucewa, amma hannun Baba bai dawo ba.