Shaidar Barmo Mai Fito

An yi wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da ba gada, ba mota, sai jirgin ruwa da gora. Sunansa Barmo, sana'arsa fito. Ku matso, ku saurara.

Barmo ba shi da komai. Jirgin da yake tuƙawa ma na wani falken gishiri ne, ana ce masa Jatau. Kuma Jatau ya yi masa alheri, gaskiya ya yi masa. Da matarsa Tabawa ta kwanta ciwo, Jatau ne ya ɗauko mai magani daga gari mai nisa.

Shi kuwa Barmo mutum ne mai shiru. Da sassafe, lokacin da tururi ke kwance a kan ruwa kamar an shimfiɗa auduga, sai ka hango shi can tsakiyar kogi, shi da jirgin kamar a kan gajimare suke tafiya, leɓɓansa na motsi da salati. Masu ƙetarewa har gyangyaɗi suke yi a jirginsa, su farka su ga gaɓa.

To, fataken garin suna da wata yarjejeniya. Kafin tafiya kowa ya zuba wani abu a asusu guda. Wanda ruwa ko wuta ta ci kayansa, a biya shi daga ciki. Abin da kuke kira inshora yau, kakanninku sun san shi.

Jatau ya ƙulla alkawari da wani Arɗo a ƙetaren kogi, zai kai masa gishirin shanu. Kafin ranar ta zo, gishiri ya yi tsada a wata kasuwa. Shaiɗan ya raɗa masa, ya kuwa ji. Ya sayar da gishirin can a ɓoye, ya sa aka naɗe duwatsu cikin tabarmi, aka loda wa Barmo. Da suka kai inda tururi ya rufe gaɓa, ba a ganin gaba ba a ganin baya, sai Jatau ya miƙe ya danne gefen jirgi. Kaya suka zube, ruwa ya haɗiye.

Ya shiga gari hannu bisa kai. Gishiri ya narke, a biya shi daga asusu! Arɗo ya ce an saɓa masa alkawari. Fatake suka ce ba su yarda ba. Magana ta je gaban alƙali, shaida kuwa ɗaya ne tak: Barmo.

Da la'asar Jatau ya same shi a bakin ruwa.

"Barmo, kalma ɗaya ce. Ka ce iska ce."

"Maigida, ba a yi iska ba."

"Jirgin nan ya zama naka, halak malak."

Barmo ya dubi jirgin. Shekara nawa yana mafarkin jirgin kansa! Ya daɗe yana kallon yadda ruwa ke lasar cikinsa a hankali, har ya ga kamar shi ne a ciki, ba mai cewa kawo. Sannan ya ce, "Maigida, ka janye ƙarar nan. Ni ba zan faɗa wa kowa ba sai an tambaye ni."

"In ka ƙi, ka san wanda ya ba ka, ya iya karɓa."

Da Barmo ya koma gida ya gaya wa Tabawa. Ta ce, "Malam, to me za mu ci?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Kun ji? Bai ce yana da dabara ba. Ya ce bai sani ba.

Gari ya waye, aka taru a zauren alƙali. Alƙali ya ce, "Barmo, me ka gani?"

"Allah ya gafarta Malam, mutumin nan ya yi mini alherin da ba zan iya biya ba. Ina so a rubuta wannan tukuna." Hawaye na bin gemunsa. "Amma shekara talatin ina ɗaukar gishiri, kullum sai ya cije ni a tsagar hannu. Ran nan bai cije ni ba. Kuma ba a yi iska ba."

Alƙali ya aika masunta suka nitse, suka fito da tabarmi cike da duwatsu. Aka yanke hukunci: Jatau ya cika wa Arɗo alkawarinsa, fatake kuma suka cire shi daga cikinsu. A ranar Jatau ya karɓe jirginsa.

Kuna jira in ce Barmo ya tono tulun zinariya? Bai tono ba. Damina biyu yana yankan ciyawa yana kai wa masu dawaki, wata rana su ci, wata rana su kwana da ruwa.

Jatau kuwa ya karye. Ba mai ba shi kaya, ba mai tafiya da shi. Wata safiya sai ga shi a fadama, ya rame, ya tsaya bayan Barmo. Ya ce, "Madugu ya ce zai mayar da ni ayari, in na kawo wanda zai tsaya mini. Duk garin nan maganar mutum ɗaya za su karɓa."

Barmo ya ajiye lauje. "Ka tuba, Maigida?"

"Na tuba."

Barmo ya wanke hannu, ya bi shi har gaban madugu, shugaban fatake, ya ce, "Na tsaya masa." Ba wanda ya ƙara tambaya.

Jama'a, gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin ƙoshi ba, amma ita ce ke sa maganar talaka ta yi nauyin da dukiya ba ta saya. Kai da ka cinna wa shagonka wuta don kamfani ya biya ka, ke da kika rantse kaya sun lalace alhali suna ɗaki, kai da aka ce zo ka yi shaida kana duba fuskar maigidanka: akwai ranar da hannuwanku za su yi magana, ba kuwa mai ba su toshiya. Ku gyara tun harshe na hannunku. Allah ya sa mu cika alkawari, ya ba mu ƙarfin faɗin abin da muka gani.