Kamun da Ba Hannun Kowa Ba Ne

A can wani zamani mai nisa, tun aljanu na shiga kasuwa su yi ciniki ba a gane su, an yi wani birni mai ganuwa doguwa, kakkaura, ana kiransa Rimaye, wanda duk arzikinsa na saƙa ne. Al'adar mutanen birnin kuwa ita ce, da hannun sarki ake awon tufafi. Ranar da aka naɗa sabon sarki, sai a gwada daga gwiwar hannunsa zuwa kan dogon yatsansa, a yanke sanduna daidai wannan tsawo a raba wa kasuwa, shi ne kamu har ranar da zai bar duniya.

Da Sarki Nagudu ya rasu, ya bar 'ya'ya maza biyu da babbar 'yarsa Lantana, wadda ta goya su duka a bayanta. Barmo, na farko a mazan, dogo ne sambal, mai hannuwa zara-zara. Tankari kuwa gajere ne, dunƙulalle, mai fara'a, shi ne kuma ɗan lelen Lantana. Fatake masu sayen tufafi suka bi bayan Barmo, domin dogon kamu ribarsu ce. Masaƙa suka bi bayan Tankari, domin gajeren kamu hutunsu ne. Tun ana habaici a bakin rijiya, har aka koma wasa takubba a fili, kowane ɓangare yana hura wa nasa ɗan sarki kunne.

Lantana ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta je wurin Galadima, babban masu zaɓen sarki, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka riƙe mini su har auduga ta shigo kasuwa. Na ji an ce aljanu, da suke miƙewa su kai gajimare su kuma tsuke su shige tulu, suna da awon da ba ya canzawa. Zan je in nemo shi."

Galadima ya ce, "'Yata, zan gwada. Amma ranar da auduga ta shigo, ko bakina ya tsage ba mai saurarena."

Ta ɗauki zare ta auna hannun kowane ƙane, ta ƙulle, ta hau taguwarta mai saurin iska ta nausa gabas. Ta ratsa wani birni mai soraye farare tas, inda ake jera ƙwayar sha'ir a yi awo, ta tarar ana dambe a kasuwa, don sha'ir ɗin fadama ya fi na tudu ƙiba. Ta wuce wani mai ƙofofin azurfa, inda ake awo da inuwar sanda, masu saye ba sa fitowa sai rana ta karkata, masu sayarwa kuwa da tsakar rana suke kasa kaya, shi ya sa ba su taɓa haɗuwa ba. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, domin duk gonar da ta gifta sai ta ga auduga ta fara buɗe baki, ta ƙara wa taguwa ƙaimi.

Daga ƙarshe ta isa fadar Sarkin aljanu Damzaki, mai gemun hayaƙi, mai idanu jajaye jawur kamar garwashi, wanda yana zaune yana tsawo yana raguwa kamar harshen wuta. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta zayyana masa abin da ke tafe da ita.

Sarkin aljanu ya ce, "'Yar Adam, abu mai sauƙi kika zo nema." Ya sa aka kawo sandar tagulla, maƙerinsa ya tsaya da kurfin yankan ƙarfe a hannu. "Ga zarenki nan biyu a ƙugu, na gan su. Ɗora yatsa inda kike so, a yanke miki, ba zai ƙara ba, ba zai ragu ba har abada."

Lantana ta shimfiɗa zaren a jikin sandar. Yatsanta ya kama hanyar ƙullin Tankari da kansa, ta janye shi, ta kai shi tsakiya, sai ta ga tsakiyar ma tana matsawa wajen gajeren. Ta tattara zaren ta jefa a wutar maƙerin.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, hannuna yana da wanda yake so. Ko na yanka daidai, za a ce 'yar uwar wane ce ta yanka. Ku ba ni irin naku, wanda ba ɗan Rimaye ko ɗaya da ya zaɓa."

Damzaki ya yi dariya har ginshiƙan fada suka girgiza. Ya kai ta wani ɗaki mai sanyi ƙalau a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi ba ya kaiwa balle ya miƙar da ƙarfe, ya nuna mata uwar awonsu a kwance bisa alharini. Lantana ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai muciya ce."

Ya ce, "Muciya ce, ta ƙarfe. Kakanninmu sun gaji da yaƙi a kan hannun wa za a bi, suka ɗauki abin da ke kusa da murhu suka yarda da shi. Ba wanda ya san ma ta wace ce. Zan sa a ƙera miki sanda 'yarta, amma duk shekara sai a dawo da ita a gwada da uwar."

Ta ce, "Ni zan riƙa kawowa."

Ranar da ta shigo Rimaye, jakuna na sauke auduga, rundunoni biyu kuma sun ja daga a filin ƙofar gari, Galadima na tsakani muryarsa ta dushe. Lantana ta kutsa da taguwarta, ta miƙa masa sandar, ta gaya masa asalinta. Ya ɗaga ta sama ya ce daga yau wannan ce kamu, ko wa aka naɗa. Aka gwada ta da hannun Barmo, ba ta kai ba. Aka gwada da na Tankari, ta wuce.

Fatake suka dubi juna, masaƙa suka dubi juna. Wani ya tuna ya bar rumfarsa a buɗe, wani ya ce zarensa na rana, a hankali a hankali filin ya watse, sai 'ya'yan sarki biyu tsaye da takubba, ba kowa a bayansu.

Tankari ya waiwaya ya ga wayam. Ya ce, "Yaya Barmo, ashe hannunka suke so."

Barmo ya ce, "Kai ma naka, ɗan guntu."

Tankari ya mai da takobinsa kube, ya kama dogon hannun nan ya kai shi gaban Galadima. Aka naɗa Barmo, ba wanda ya zo da zare ya auna shi. Lantana kuwa aka ba ta sarautar Magajiyar Awo, aka gina wa sandar ɗaki mai sanyi a tsakiyar kasuwa. Allah ya sa mu cika awo idan mun ba wasu, kamar yadda muke so a cika mana.