Ranar da Kitione Ya Kai Baƙi Ruwan Makoki

Akwai wani dattijo a ƙauyen Nakorowai, can cikin duwatsun Fiji, sunansa Laisiasa. Shi ne wakilin gari, shi ke karɓar baƙi, shi ke buga gangar katako idan za a yi aikin gayya. Ba a taɓa jin muryarsa daga gidan maƙwabci ba. Amma a ranar da zan ba ku labarinta, sai da fushi ya sa ya yi tsawa.

Yayansa Peceli ya rasu, ba a kuma fita makoki ba. Waɗanda suka ɗauki gawar sun yi wanka a tafkin da ruwan dutse ke zubowa, kamar yadda aka saba. Daga nan aka kafa sanda a bakin tafkin, aka ɗaura mata ganyen kwakwa. Ba wanka, ba wanki, ba kamun kifi, sai an fita makoki. Ko yaran gari, da ba sa jin kashedi, zagaye wurin suke yi.

Su Laisiasa suna da ɗan ƙanwa, Kitione. Shi ne vasu a garin, wato ɗan 'yar gida. Vasu idan ya shiga gidan kawunsa ya ga alade ko doki ko sabuwar tabarma, ya ce yana so, to ya zama nasa. Ba a ce masa a'a. Marigayi Peceli ne ya rene shi, shi ya koya masa wasan zari-ruga a filin coci, da busasshiyar kwakwa a maimakon ƙwallo.

Kitione ya girma ya ƙetare teku ya koma birnin Brisbane, ya buɗe kamfanin kai 'yan kallo duk ƙasar da za a buga babban wasan zari-ruga. Shi ke nema musu jirgi da masauki da tikitin shiga fili, sannan ya zagaya da su yawon buɗe ido. Duk shekarar da za a yi wasa a Suva, babban birnin Fiji, abin da ya fi jawo masa mutane shi ne alkawarin kwana a bakin teku da wuni a ƙauyen kakanninsa: a ci naman gashin rami, a yi iyo a tafki.

Lokacin da Peceli ya rasu, Kitione yana Faransa da wasu 'yan kallo. Saƙon murya ya aiko a waya. Bayan jana'iza Laisiasa ya kira shi ya ce, “Ɗana, bana kada ka kawo baƙi. Ruwan yana ɗaure.”

“Za mu yi magana, Kawu,” in ji Kitione, ya kashe wayar.

Ba su yi maganar ba. Sai wata Asabar da safe aka ji rurin babbar mota tana hawo tudu.

Turawa suka yi ta sauka, maza da mata, sanye da rigunan ƙungiyar ƙasarsu masu ruwan ɗorawa, tawul a kafaɗa, suna dariya suna ɗaukar hoto. Da yamma ne za a buga wasan a Suva, wasan da suka ƙetaro teku dominsa. Kitione ya sauko a gaba, da hular malafa a kai da baƙin tabarau.

Laisiasa ya dubi hular nan. A Nakorowai ko fasto ba ya ratsa gari da hula.

Aka shiga ɗakin taro. Dattawa suka zauna a tabarma, kowa da baƙar riga. Baƙo idan ya zo, saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a wurin taro, ita yake kawowa, a ɗaure da kyau, ya zauna ƙasa ya miƙa ta da hannu biyu, ya nemi izinin shiga gari. Idan wakili ya taɓa ta aka tafa hannu, an karɓe shi ke nan. Kitione kuwa garin yangona ya zaro a ƙullin leda, irin wanda ake sayarwa a gidan mai. Ya ajiye a tabarma yana tsaye.

“Kawu, ga gaisuwarmu. A gaggauta, don Allah, lokaci ya ƙure mana.”

Ba wanda ya motsa. Ba wanda ya tafa.

Vilimoni, babban ɗan marigayin, shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar zari-ruga ta gari, kuma taubashin Kitione ne. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Yau ma ya yi, amma ba dariya a fuskarsa.

“A'a, taubashi, gwiwar taka ce ta sage a jirgi? Ko a Brisbane sun hana zama a ƙasa?”

“Kai dai tumbinka ya ƙaru,” in ji Kitione, yana neman mayar da abin wasa. “Da shi kake ture abokan gaba?”

“Da shi na ɗauki akwatin babana. Gefen da ya kamata ka riƙe, maƙwabci muka roƙa.”

Kitione ya juya ga Laisiasa. Ya rage murya, ya koma harshen gida don kada baƙin su ji.

“Kawu, mutanen nan tun bara suka yi rajista. Hoton tafkin nan suka gani suka zo. In na ce musu babu, kamfanina ya mutu. Kaɗan za su taɓa ruwan su fito.”

“Na gaya maka ruwan yana ɗaure.”

“Kawu Peceli ya tafi. Ruwa bai san an yi mutuwa ba.”

“Mu mun sani.”

Sai Kitione ya ɗaga kai ya faɗi abin da Laisiasa yake tsoron ji tun da ya hango motar.

“To, ni vasu ne. Ina son tafkin yau.”

 Laisiasa ya rasa mafita. Idan ya ce a'a, ya karya abin da kakanni suka bari, ya kuma kunyata ɗan ƙanwarsa a gaban baƙi. Idan ya ce to, ya tattake kabarin yayansa. Yaron nan ya san haka sarai, shi ya sa ya faɗa.

Daga ƙarshe Laisiasa ya ce, “Ba a hana vasu. Ba kuma ni zan fara ba. Amma gaisuwarka ban taɓa ta ba, ka gani da idonka.”

Kitione ya juya ga baƙinsa da fara'a, ya ce musu dattawa sun yi maraba da su.

Laisiasa ya bi su a baya har bakin tafkin. Yana jin Turanci sarai, don haka ya ji lokacin da wata mata ta nuna sandar ta tambaya, ya kuma ji amsar Kitione: wai ado ne da ake yi don tarbar baƙi. Dattijon ya damƙe gefen zanensa har farcensa ya shige tafin hannu.

Baƙin suka faɗa ruwa. Ihu, shewa, wani ya hau dutse ya diro. Wani ya rataye jiƙaƙƙen tawul a kan sandar.

Mutanen gari suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka zauna a kan tudu, baƙaƙen kaya reras, ba mai cewa uffan. Ba a haƙa ramin gashi ba, ba a kawo ko ruwan kwakwa ba.

A cikin baƙin akwai wani tsoho ƙato mai suna Desmond, kunnuwansa duk sun murɗe saboda zari-rugar ƙuruciya. Bai shiga ruwan ba, ƙafarsa na ciwo, sanda ma yake dogarawa. Ya lura da shirun nan, ya taka a hankali zuwa wurin wata tsohuwa da ke zaune gaba da kowa. Inna Unaisi ce, matar marigayin.

“Mama, wani biki ne kuke yi da baƙaƙen kaya?”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Mijina ne ya mutu. Ruwan da 'yan'uwanka ke wasa a ciki, a nan aka wanke hannun da ya binne shi. Shi ya reni wancan mai hular.”

Desmond ya cire tasa hular nan take. Ya juya ya daka tsawar da ta girgiza wurin: “Kowa ya fito! Yanzu!”

Suka fito a ruɗe. Da magana ta zagaya, wata mata ta rufe baki ta fashe da kuka. Mai tawul ya je ya cire abinsa daga sandar kamar wanda ya taɓa wuta. Desmond ya tsaya a gaban Kitione, fuskarsa ta yi jawur.

“Ado ka ce mana! Ka sa mun yi rawa a kan mamacin mutane. Wane irin ɗa ne kai?”

“Ku shiga mota,” in ji Kitione, bai kalli kowa ba. “Za mu makara.”

Suna shiga hadari ya sauko, irin ruwan duwatsu da ba ya sallama. Kafin motar ta kai mashigin rafi a ƙasan gari, jar ƙasar hanya ta zama kunu. Ƙafafun baya suka nutse. Direba ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Baƙin suka sauko suka tura, santsi ya yi ta kayar da su. Babu wata mota da za ta iya hawowa kafin a tashi wasa.

A ƙarƙashin rumfar coci kuwa 'yan wasan gari ne zaune, ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda ke ture ƙungiyoyin gundumar nan kamar buhunan rogo. Suna kallo, sun harɗe hannu.

“A bar Kitione ya kwana a nan,” in ji Vilimoni. “Ya kalli wasan a waya, yadda ya kalli jana'izar babana.”

Can sai ga Kitione yana hawowa, taɓo har gwiwa. Hular tana hannu yanzu, tabarau a aljihu. Yana isowa gaban Laisiasa ya fara durƙusawa.

“Kawu, na yi kuskure, na tuba...”

“Tashi!”

Ba wanda ya taɓa jin Laisiasa ya yi tsawa sai ranar. Tsuntsaye suka watse daga rufin coci.

“Tashi, na ce! Gwiwar da ta ƙi lanƙwasawa don yayana, ba za ta lanƙwasa mini don mota ba. Da safe na so ka zauna, ka ƙi. Yanzu taɓo ne ya zaunar da kai, ba kunya ba. Ka riƙe tubanka.”

Ya juya ga samarin. “Vilimoni, ku je ku fitar da ita.”

“Baba! Bayan abin da ya yi?”

“Mutanen can ƙarya aka yi musu. Da suka ji gaskiya sun fito. Babanka bai taɓa barin baƙo a hanya ba, ba kuwa za a fara a makokinsa ba. Ku je.”

Vilimoni ya yi ƙwafa, ya miƙe. Suka gangara, suka jeru a bayan motar, kafaɗa da kafaɗa, kai a ƙasa, yadda suke haɗa turereniya a fili. Desmond ya jefar da sandarsa ya shiga tsakaninsu. Vilimoni ya ba da murya, suka yunƙura gaba ɗaya, motar ta yi gurnani ta fice.

Mutanen gari suka sauko wurin motar, baƙin suka bi layi suna riƙe hannun Inna Unaisi suna ba ta haƙuri. Ta amsa wa kowa. Da Kitione ya matso, ta gyara ɗankwalinta ta dubi duwatsu.

Yana sa ƙafa a matakalar mota, Laisiasa ya ɗaga hannu ga matan gari. Suka ɗauki waƙar ban kwana, a hankali, da muryoyin nan na coci. A Nakorowai ba a rera wa ɗan gida wannan waƙa, don ɗan gida ba ya tafiya, fita yake yi ya dawo. Baƙo ake yi wa. Da suka zo inda ake ambaton sunan mai tafiya, sunan Kitione suka sa.

Turawan suka yi ta ɗaga hannu, wasu suna share hawaye don daɗin waƙar. Kitione kaɗai ya san abin da aka faɗa masa. Ya tsaya riƙe da ƙofa, bakinsa a buɗe.

“Ka sauka lafiya, baƙo,” in ji Laisiasa. “Mun gode da ziyara.”

Sun isa Suva kafin a busa usur. Laisiasa kuwa bai saurari wasan ba, shi da bai taɓa barin ɗaya ya wuce shi ba. Ya zauna a ƙofar gida har rana ta faɗi, yana tunanin abin da zai gaya wa ƙanwarsa.

Darasi: Gatan da danginka suka ba ka, don ƙauna suka ba ka, ba don ka murɗe musu hannu da shi ba. Wanda ya san ba za a iya ce masa a'a ba, shi ya fi kowa wajabcin sanin abin da bai kamata ya roƙa ba. Kuma ka nemi gafara tun kana da zaɓi, domin tuban da buƙata ta matso ba kowa ke karɓarsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman waɗanda suka yi nisa da gida.