Uwar Guba da Ɗakin Ƙarshen Baranda

Akwai wata mai haɗa magunguna a wani babban asibiti da aka ɗora wa aikin da kowa ya guje wa: ta haɗa ƙananan asibitocin yankin a layin waya ɗaya, duk wanda aka kawo ya sha guba a kira ta.

Aka ba ta ɗaki a ƙarshen baranda, jikin wurin wanki. Tebur, fanka mai kuka, waya ɗaya.

Nan take aka raɗa mata Uwar Guba. In ta zo cin abinci sai nas-nas su janye kwanukansu. "Rufa mana asiri, Anti, muna da ƙananan yara!" Ta yi dariya tare da su, ta koma ɗaki ta ci ita kaɗai.

Wata biyu wayar shiru.

Shugaban asibiti ya leƙo, da maganarsa ta hanci: "Hmm, Malama, in wata ya ƙare haka, ɗakin nan sito zai koma, hmm."

Duk ranar hutunta takan bi ƙauyuka, ta buɗe kabad ɗin kowane asibiti, ta rubuta wane maganin guba ke ina.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da azahar, wayar ta yi ƙara. Har ta tsorata.

Wani nas ne daga ƙauye. "Anti, manomi ne, feshin maganin ƙwari ya yi. Yawu na zuba, 'yan'uwansa sun ce sai an ɗura masa madara!"

"Kar ku ɗura masa komai. Sa safar hannu, cire masa kayan, wanke shi da sabulu. Karanto min kwalbar maganin feshin."

Ya karanto.

"Ba ku da allurar wannan gubar. Asibitin bayan gada na da ita, kabad na ƙasa, bayan auduga. Tura mai babur, zan kira su."

Manomin ya rayu.

A taron wata, shugaba ya gyara hula: "Hmm, wannan tsari da na kafa, hmm, ba za a taɓa shi ba."

Uwar Guba na kujerar baya. Ta fi kowa tafi.

Darasi: Mai haƙuri ba don a gan shi yake aiki ba, rayuwar da ya ceta ita ce shaidarsa. Ku tura wa wanda kuka san yana fama shi kaɗai.