Waƙar da Ciyaman Bai Ji Ba

Wani ciyaman ya kafa dokar hana mata waƙa a gaban maza. Da zaɓe ya matso, sai ya kira Tabawa mai kiɗan ƙwarya.

"Ki waƙe ni, mata su zaɓe ni. Amma in namiji ya ji muryarki, sai an fasa ƙwaryarki."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ta bi gidajen suna tana rera wa mata zalla. Bayan kwana uku, duk inda ciyaman ya gifta sai mata su tuntsire da dariya.

Ya sa aka kawo ta. "Me kika ce a kaina? Rera in ji!"

"Ranka ya daɗe, ai kai ma namiji ne. Ko a cire ka daga lissafin mazan?"

Kafin la'asar ya janye dokar.