Farantin da Aka Shafa wa Ƙaro

Akwai wani mutum, maƙerin tagulla, a wani gari na bakin rafi. Yana da wani faranti shimfiɗaɗɗe wanda ba a taɓa zuba tuwo a kansa ba. Ya huda tsakiyarsa, ya kafe shi a kan turke a ƙofar maƙerarsa. In ya gaji da guduma, sai ya barbaɗa tankaɗaɗɗen rairayi a kan farantin, ya ɗauko bakan goge, ya ja shi a gefen tagullar a hankali. Farantin ya yi "wiiiin", rairayi ya hau tsalle kamar gero a kasko, can sai ya tattaru layi-layi, zane ya fito. Yau tauraro, gobe bayan kunkuru. In ya gusar da yatsansa kaɗan a gefen farantin, muryar ta sake, zanen ma ya sake.

Matan garin masu zanen ƙwarya sukan kewaye shi, suna kwaikwayon abin da ya fito. Kafin su gama gani ya share da tafin hannu. Sai ka ji, "Haba Malam, tsaya mana! Ban gama ganin ƙahon nan ba!" Shi kuwa ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya sake ja musu wani. A kwanakin nan, ko a kasuwa mai nisa ka ga ƙwarya, ka san garin da ta fito.

Mutumin nan yana da 'ya guda, sunanta Keziya, ta girma da kukan farantin a kunnenta. Da tsufa ya cim masa, wata safiya ya ja bakan, zane ya fito kamar furen kabewa a cikin zobe, irin da ba a taɓa gani ba. Ya dube shi, ya shiga ɗaki ya kwanta, bai ƙara fitowa ba.

Keziya ta rufe zanen da faifai. Amma ga iska, ga kaji. Ta ce a ranta, "Wannan ne aikin hannun Baba na ƙarshe. In ya watse, me ya rage mini?" Sai ta jiƙa ƙaro, ta riƙa ɗiga shi da gashin kaza, ɗigo-ɗigo, har ya rufe farantin duka. Ya bushe ƙamas. Kowace safiya takan ɗaga faifan ta duba, ta mayar.

Da kaka ta yi, lokacin bikin godiya ya gabato, sa'ad da kowace mace takan kai hatsin fari majami'a a sabuwar ƙwarya mai sabon zane. Mata suka zo, a gabansu Gwaggo Briskila, yayar marigayin, tsohuwa mai magana ta hanci.

Ta ce, "'Yar nan, ja mana bakan ubanki."

Keziya ta ce, "Gwaggo, ga zane nan a shirye, ku kwaikwaya."

"Mu duka? Mu shiga majami'a da ƙwarya iri ɗaya kamar ƙwan zabi? Ja, na ce."

Keziya ta ja. Farantin ya ce "ƙuƙ", kamar kwaɗo mai mura. Ta sake ja. "Ƙuƙ." Ko ƙwayar rairayi ba ta motsa ba.

Gwaggo ta leƙa, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce, "Wayyo ƙanena! Kai aka binne, ashe har da farantinka aka haɗa. Kawo ruwan ɗumi."

"Gwaggo, in na wanke, ya tafi ke nan. Ba zan iya yin irinsa ba."

"Shi ma bai taɓa iya maimaita nasa ba. Ni na goya shi, na sani."

Keziya ta daɗe a tsugune. Sa'an nan ta zuba ruwan da hannunta. Tana kallo furen kabewan ya narke, ya gangara ƙasa ya zama laka, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Matan suka bar ta ta yi. Da farantin ya sha rana, ta barbaɗa sabon rairayi, ta ɗora yatsa a gefe, ta ja bakan. Da fari ya yi ƙara har kare ya tashi ya bar wurin. Ta sassauta hannu. Sai muryar ta fito siririya, rairayi ya tashi, ya zauna, ga wani zane kamar tafin agwagwa, a karkace.

Keziya ta ce, "Ba irin na Baba ba ne."

Gwaggo ba ta ko dubi zanen ba. Ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Bar ni in ji. Sake ja."

To, ga ma'anar wannan misali. Farantin nan zuciyarmu ce, bakan kuwa maganar Ubangiji. In ta taɓa mu mukan girgiza, daga cikin girgizar nan ne yake fitar da abin da yake so a gani. Ƙaron kuma kewa ce wadda ta daskare.

Kewa ba zunubi ba ce, 'yan'uwa. Wa ba ya tuna sujada a gindin ɗorawa, kan kututture, da tulun kiɗan zumuntar mata yana "bum, bum", da iyayenmu da ke jan waƙa ɗaya har tuwo ya huce a gida? Sun tafi, muna kewarsu, ya kuwa kamata. Amma ku saurare mu bayan an tashi sujada. Wannan ya gyara wuyan riga: "Hm! A zamaninmu ba haka ake addu'a ba." Waccan ta tura baki: "Tun da tsohon fasto ya rasu, wa'azi bai ƙara shiga kunnena ba." Ku ma yara, kada ku yi dariya, na ji mai cewa ba zai ƙara zuwa aji ba don an sake masa malama. Duk ƙaro ne. Ana ja mana baka kowace Lahadi, mu kuwa sai "ƙuƙ".

Iyayenmu ba zane suka bar mana ba. Sun bar mana zuciyar da ke amsawa in Ubangiji ya taɓa ta, kuma wanda ya yi magana da su bai yi shiru ba. Mai ƙaro a zuciya, bari ya kai ta gaban Yesu a wanke. Zai yi zafi, abin da zai fito kuma wataƙila a karkace yake. Amma a nan ne za ka sake jin muryar da iyayenka suka ji.